Rawanin da Ya Fi Kai Girma

A shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, aka ɗora mini shugabancin wata cibiyar jarrabawa a Potiskum. Ni kuwa malamin adabi ne, sanina da na'ura bai wuce buga takarda ba.

Ranar jarrabawar gwaji da muka shirya, wani matashin ma'aikaci ya ce, "Malam, ya kamata a duba wayoyin da suka haɗa kwamfutocin da uwar na'ura kafin ɗalibai su shigo." Kunyar kada a gane ban fahimce shi ba ta sa na ce lokaci ya ƙure. Ba a yi rabin sa'a ba, sahu biyu na kwamfutoci suka ɗauke. Yaran da suka baro Fika da Nangere tun asuba suka zuba mini ido, wata yarinya tana share hawaye da gefen hijabinta. Matashin nan bai ce uffan ba. Ya durƙusa ƙarƙashin tebura yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya har alluna suka dawo.

Da la'asar na kira shi, na ba shi haƙuri, na ce ya koya mini. Tun daga ranar, kowace safiya sai na ji abin da ke damun ma'aikatana kafin in ba da umarni. Ranar jarrabawa ta gaske, ko kwamfuta ɗaya ba ta ɗauke ba. Gaskiyar Hausawa ne, matambayi ba ya ɓata.