Don Allah kar ku fasa mana ƙwai: yadda munka yi wata biyu muna gudun labarin fim guda



A garinmu ba da labarin fim alheri ne. Duk wanda ya tashi yana zuwa gidan bidiyo ya san mutumen nan da ke zama layin gaba, wanda ya kalli fim ɗin Indiya sau goma, kuma kafin jarumi ya ɗaga hannu ya riga ya faɗi wanda za a mara. Ba a korar shi. Wani lokaci ma shi ake biya wa kuɗin shiga, don da yawa cikin masu kallo ba su jin yaren fim ɗin, shi ne kunnensu. Daga baya anka fara juya finafinan Indiya cikin Hausa a Kano, aikinshi ya ragu, amma halin bai bar mu ba. Har yau in mutum ya riga ka ganin abu, gani yake rowa ce ya yi shiru.

Turawa kuma sun ɗauki abin laifi. Tun 1960, da Alfred Hitchcock ya fitar da fim ɗinshi Psycho, ya sa gidajen sinima su hana shiga in an fara, ya kuma roƙi masu kallo kar su faɗi ƙarshen. A 2019 masu shirya Avengers: Endgame sun rubuta wa duniya takarda suna irin wanga roƙo. Mutanen Kebek sun ƙera wa abin kalmar Faransanci, divulgâcher, wato ka tona kuma ka ɓata. Mu ba mu buƙatar ƙera komi, muna da fasa ƙwai.

Fim ɗin da ya sa ni wagga magana shi ne Dune kashi na biyu, na Denis Villeneuve, wanda ya fito Faransa ranar 28 ga Fabrairu 2024, Amurka kuma 1 ga Maris. Kashi na farko ya fito 2021, ya ci kyautar Oscar shida, kuma mu shida ƴan fada guda munka kalle shi tare. Tun ranar munka yi alkawali: na biyu ma tare, ba mai riga wani.

Ga wanda bai san shi ba, zan faɗi abin da ba ya ɓata komi. Labari ne na ƙagen kimiyya da Frank Herbert ya rubuta a 1965. Wata duniya ce mai suna Arrakis, hamada ce gaba ɗayanta, ba a ruwan sama, ƙarƙashin rairayi akwai wasu tsutsotsi da sunka fi jirgin ƙasa girma. Cikin rairayin nan akwai wani garin yaji da duk manyan dauloli ke buƙata, don haka baƙi ke zuwa da injuna suna kwasa, ƴan ƙasar da ake kira Fremen kuma suna ƙirga ruwan shansu ɗigo-ɗigo. An ɗauki hotunan hamadar a ƙasar Jodan da Abu Dabi.

Yanzu ku gaya mani, wane ɗan Nijar zai ji wanga bai tuna Arlit ba, inda ake haƙar uraniyom tun 1971? Kuma wane ɗan Adar zai ga mutanen da ke mafarkin mai da hamada kore bai tuna Furojen Keita ba? An fara shi 1984, shekarar yunwar da ake ce wa El Buhari, da kuɗin Italiya da hannun FAO. Uwayenmu mata sunka ɗauki duwatsu bisa kai, sunka jera su kan fako don tare ruwa, anka dasa miliyoyin itatuwa, anka tsai da tuddan rairayi. Abin da Bature ya zauna ya ƙaga, mu mun ga kamarshi da idonmu. Shi ya sa fim ɗin ya shige mu, shi ya sa kuma ba mu son a ba mu shi a baki.

Matsalar ita ce nisa. A 2017 an buɗe gidan sinima na CanalOlympia a Yamai, amma daga Tahoua zuwa Yamai ya wuce kilomita 500, kuma ba mai barin shago ko garkar albasa ya tahi kallon fim. Dole mu jira fitowarshi ta intanet, wadda ta zo tsakiyar Afrilu, bayan ƙaramar salla. Kafin nan an yi ta yawo da wani kwafi da anka ɗauka da waya cikin sinima, hoto na rawa, kawunan mutane na giftawa. Munka ce a'a. Fim na awa biyu da minti 46 da anka yi don babban bango bai cancanci haka ba.

Jiran nan ya fi mani wuya bisa kowa, saboda aikina. Mai gabatar da shiri a rediyo kullum hannunshi na cikin waya, yana neman abin da zai faɗa wa masu saurare. Ka buɗe Facebook don labarin farashin hatsi, sai ga hoton fim ɗin. Ka shiga TikTok, wani yaro a Faransa na bayanin ƙarshen cikin daƙiƙa talatin. Na koyi gungura allo da ido rabi a rufe. Kuma abin dariya, a lokacin littafin ya kusa shekara sittin a duniya, duk wanda ya so yana iya karanta ƙarshen. Sirri ne da ke buɗe ga kowa, mu kaɗai munka ɗaure idonmu da gangan.

Amma babbar jarrabawar ba daga baƙi ta zo ba. Kun san Tamaske, kusan kowane gida na da ɗa a Kano, Jos, Kamaru ko Abijan. Abokinmu na bakwai, wanda munka yi lakwal tare tun aji ɗaya, yana Abijan yana sai da kaya. Ya shiga sinima a makon farko. Daren nan ya aiko mana saƙon murya a WhatsApp, minti shida da wani abu. Ba wanda ya buɗe. Na rubuta mishi: "Aboki, mun gani, amma sai mun kalla." Kwana biyu ya sake aikowa, munka sake yin shiru. Sai ya rubuta abin da ya tsaya mani a rai: "To, tunda na bar gari ko muryata ba a son ji."

Mutumen nan ba mugunta ta sa shi ba. Ya fito sinima shi kaɗai cikin garin da ba nashi ba, kanshi cike da abin da ya gani, kuma mutanen da yake son ya faɗa mawa suna nesa da shi. A al'adar da munka tashi cikinta, abin da ya yi tsaraba ce. Mu kuma munka mai da mishi tsarabar ba mu kwance ba. Na kira shi, munka daɗe. Na ce mishi saƙon na nan ajiye, ba mu share ba, kuma ranar kallo shi za mu fara nema. Ya ce "to", irin "to" ɗin da ba ta kai ciki ba.

Akwai kuma babban yayanmu a fadar, tela ne, bai yi lakwal ba, kuma kwafin da munka samu na Faransanci ne. Ya ce: "Ƙanena, in ba a faɗa mani abin da ke zuwa ba, ni mi zan kalla?" Gaskiya ya faɗi. Dokar kar a fasa ƙwai tana da sauƙi ga mai jin yaren. Sai munka daidaita: ni zan zauna kusa da shi in fassara, amma fassarata ta bi bayan hoto, kar ta shiga gabanshi. Tunda ni ma ban gani ba, ba ni da abin da zan riga shi sani.

Munka kalla wani daren Asabar cikin zafin Afrilu, a tsakar gida, da na'urar haska hoto da munka aro, farin zane a bango, bafal guda da gurup ɗin maƙwabci don kuran ba shi da tabbas. Wayoyi duka cikin kwano guda. An kai shayi na ukku ba wanda ya lura. Wurin da yaron ya fara hawan tsutsar, wanda ko a tallar fim ɗin an nuna, yayanmu ya miƙe tsaye yana cewa "Kai! Kai! Riƙe da kyau!" Ni kuma fassara ta tsaya mani a maƙogwaro. Abin da ya biyo baya ba za ku ji shi daga bakina ba.

Ƙarfe ɗaya saura munka gama, Abijan sha biyu saura. Munka kira abokinmu ta bidiyo, munka sa saƙonshi na minti shida a bafal, yana ji muna ji. Ashe rabin saƙon ba labarin fim ba ne, cewa yake tuddan rairayin sun tuna mishi gida. Munka yi gardama har gurup ya shanye mai: wa ke da gaskiya tsakanin yaron da yarinyar, kuma mutanen da anka daɗe ana cuta, in sun samu mai ceto, sun tsira ko sun canza ubangida ne.

Na san akwai masu cewa duk wanga wahalar banza ce. A 2011 wasu masu bincike a jami'ar Kaliforniya ta San Diego sun ba mutane gajerun labarai, wasu an faɗa masu ƙarshen wasu ba a faɗa ba, sai ya zamana waɗanda sunka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗi. Ban yi mamaki ba. Tatsuniyar Gizo kowa ya san inda za ta ƙare, kuma ba mu taɓa ce wa kaka ta yi shiru ba. Amma kallo na biyu kullum yana nan, ana iya yin shi sau goma. Na farko guda ne, kuma mu ba mu da gidan sinima, ba mu da ranar fitowa, abin da muke da shi kawai shi ne mu yi mamaki lokaci guda, a tabarma guda. Marigayi Mustapha Alassane, wanda ya zauna Tahoua har ƙarshen rayuwarshi a 2015, ya fara ne da nuna wa jama'a hotunan inuwa da fitila. Tun can sinima a ƙasar nan abin taro ce.

Don haka ga roƙona. Ƴan uwa na ƙetare, in kun riga mu gani, ku aiko saƙonku, amma ku rubuta a sama "akwai ƙwai ciki". Mu na gida kuma, kar mu bar saƙon ɗan uwa ba amsa, mu ce mishi mun ajiye. Wanda ya kalla sau biyu ya zauna baya, ya kama bakinshi da goro. Littafi na biyu na Herbert ya fito tun 1969, kuma na ji wani mushen kwalej a nan ya karanta shi. Mushe, muna girmama ka, amma in ka zo fada a yi hirar ƙwallo.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu damina mai albarka.