Yaron nan ya je Landan

Ina zaune a shago bayan La'asar sai ga hotuna a WhatsApp. Yaron nan ne, babban ɗana, wanda na sayar da filina na nan Lugbe na tura shi karatu Manchester, tsaye gaban agogon Big Ben ya sha rigar sanyi. Raina ya ɓaci. Duk wanda ya taɓa canza naira zuwa fam ya san zafinta. Karatu na tura shi ko yawon buɗe ido? Ban ce masa uffan ba.

Da daddare ya kira. "Baba, kwana biyu zan yi a nan, in yi ƙasaru?" Wallahi sai na ji na sauko. Na ce masa tafiyar ta kai kusan mil 200, mu kuwa a Malikiyya mil 48 ya isa, muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ya ce a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Magariba a masallacin Regent's Park ya yi ta.

Ya ce har ƙofar Lancaster House ya je, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka zauna da Turawa a 1957 kan tsarin mulki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba da labarin taron nan kamar da shi aka yi, alhali Zariya bai taɓa wucewa ba.

Duk da haka na tambayi kuɗin mota. Ya ce ladan aikin ƙarshen mako ne. Kafin in ƙara magana, uwarsa ta karɓe wayar.