Layin da ke ƙarƙashin ta goma sha bakwai

Idan aka tuɓe wa gasar Firimiyar Ingila kwalliyarta, aka cire fitilun fili da ihun masu sharhi da rigunan da yaranmu ke saye a Sabon Gari, abin da zai rage lissafi ne da ɗan aji ɗaya a sashen kwamfuta zai rubuta kafin shayinsa ya huce. Ƙungiyoyi 20, kowace ta kara da sauran 19 gida da waje, wasa 380 ke nan. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya, wanda aka doke ya tafi hannu rabbana. In maki ya zo ɗaya, sai a duba tazarar ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka zura mata, kamar yadda Manchester City ta ƙwace kofi a hannun United a 2012, kowacce na da maki 89. Ukun da ke ƙasa su sauka, wasu uku su hawo daga gasar Championship.

Rubuta manhaja ce sana'ata, kuma ta koya mini cewa dokar da ka gani gajera, akwai dogon rikici a bayanta. Babu wanda ke zama haka kawai ya ƙirƙiro sharaɗi. Sai wani ya sami kafa ya zurare, sannan a zo a toshe. Haka nake karanta tarihin wannan gasa, kamar tsohuwar manhajar da hannaye da yawa suka yi wa faci.

Facin farko na 1888 ne. An halatta biyan 'yan wasa albashi a Ingila tun 1885, amma ƙungiyoyi na dogaro da wasannin sada zumunci da na kofi, waɗanda ake iya sokewa ranar da aka ga dama. Ga albashi na jira, ga fili babu 'yan kallo. William McGregor, wani mai shagon tufafi a Birmingham kuma jigo a Aston Villa, ya rubuta wa wasu ƙungiyoyi cewa a tsara jadawali tabbatacce, gida da waje. Ƙungiyoyi 12 suka fara, babu ko ɗaya daga Landan, kuma Preston North End ta lashe kakar farko ba a doke ta ba a wasa 22.

Da aka ƙara aji na biyu a 1892, sai tambaya ta taso: wa zai hau, wa zai sauka? Da farko ana haɗa na ƙasan ajin sama da na saman ajin ƙasa su yi wasannin gwaji. A 1898 Stoke da Burnley suka shiga wasansu na ƙarshe sun san canjaras zai kai su biyun ajin sama. Aka tashi babu ci, kowa ya tafi gida da abin da ya zo nema. Daga nan aka soke gwajin, aka ce teburi kaɗai zai yanke hukunci. Mu a wurin aiki, irin wannan shi ne kuskuren da ba a gano shi sai mai amfani da manhaja ya fi mai rubuta ta wayo.

Ko bayan haka alfarma ba ta mutu ba. A 1919, da aka faɗaɗa ajin sama zuwa ƙungiyoyi 22, ƙuri'a aka kaɗa aka ɗauko Arsenal, wadda ta ƙare ta biyar a aji na biyu kafin yaƙi, aka bar Tottenham ta sauka. Tun ranar Arsenal ba ta sake sauka ba. Ina tuna wa abokaina 'yan Arsenal wannan a gidan kallo duk lokacin da bakinsu ya yi tsawo.

Firimiyar da muka sani ta fito ne daga shekarun baƙin ciki. A 1985 gobara ta kashe mutum 56 a filin Bradford, kuma a watan nan na Mayu mutum 39 suka mutu a Heysel, abin da ya sa aka hana ƙungiyoyin Ingila wasa a Turai shekara biyar. A 1989 turmutsitsin Hillsborough ya zo, wanda ya ci ran magoya bayan Liverpool 97. Rahoton Taylor ya ce manyan filaye su koma na kujeru zalla, gyaran kuwa kuɗi yake ci. Su kuma manyan ƙungiyoyi sun gaji da raba kuɗin talabijin da ƙananan ajujuwa. A 1992 ƙungiyoyi 22 na ajin sama suka ɓalle suka kafa kamfaninsu, suka sayar da damar nuna wasanni ga Sky da BBC a kan fam miliyan 304 na shekara biyar. A 1995 aka rage su zuwa 20.

Har yau kamfani ne. Kowace ƙungiya na da hannun jari ɗaya da ƙuri'a ɗaya, kuma ba a canja doka sai 14 sun yarda. Wadda ta sauka ta miƙa hannun jarinta ga wadda ta hawo. Kuɗin talabijin na cikin gida kashi uku ake yi masa: rabi a raba daidai wa daida, kashi ɗaya cikin huɗu bisa matsayi a teburi, sauran bisa yawan wasannin da aka haska kai tsaye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda suka ɓalle don kuɗi ba su janye tsanin ba. Sun bar layin nan da ke ƙarƙashin ta goma sha bakwai, sun yarda zai iya yanke kowa a cikinsu.

Na san nauyin wannan layi ne a gasar unguwarmu. Matasa suka roƙe ni in yi musu 'yar manhaja ta waya mai lissafa teburi, don a daina rigima a kan takardar da sakatare ke ɓatarwa. Ƙungiyoyi goma ne a rukunin farko, biyun ƙarshe su koma na biyu. Kakar ta ƙare, ƙungiyar attajirin da ke sayen ƙwallaye da biyan alƙalan wasa ta zo ta tara. Ya aiko aka kira ni zaurensa.

"Injiniya, ashe ba kai ka haɗa abin ba? To, a mai da su sha biyu mana, kowa ya zauna lafiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, canja goma zuwa sha biyu ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba. Amma yaran da suka zo na takwas sun buga wasansu na ƙarshe cikin ruwan sama don kada su faɗa inda taka ta faɗa. Me zan ce musu?"

Kwamiti ya zauna ba da ni ba, aka mai da su sha biyu. Kaka ta gaba, da aka kai tsakiya, ƙungiyoyin ƙasan teburi suka fara zuwa fili da 'yan wasa takwas ko tara. Mai zai sa mutum ya bar shagonsa ya zo ya sha rana, tunda an nuna masa ƙasa ba ta da rami?

Shi ya sa ban yi mamaki ba a Afrilun 2021, lokacin da ƙungiyoyi 12 na Turai, shida daga Ingila, suka sanar da sabuwar gasa wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa sauka ba. Zauren Alhaji ne, sai dai da biliyoyin kuɗi. Bambancin shi ne magoya bayan ƙungiyoyin da kansu, waɗanda aka ce don su ake yi, suka fito titi, kuma cikin kwana biyu duk shida suka janye.

Sai dai ana iya karya tsani ba tare da an taɓa doka ba. Yarjejeniyar talabijin ta cikin gida da ta fara a 2025 ta kai fam biliyan 6.7 na shekara huɗu, kuma kowane ƙari yana faɗaɗa ramin da ke tsakanin Firimiya da Championship. Daga 1992 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai kaɗai suka ɗaga kofin, 13 daga ciki na Manchester United ne. A kakar 2023/24 duk ukun da suka hawo sun koma, haka kuma a 2024/25. Har da Luton Town, wadda ta taso daga aji na biyar a 2014 ta iso sama a 2023. Idan wannan ya ɗore, ƙofa na buɗe a takarda amma a fili an sa mata sakata.

Duk da haka layin bai daina cizo ba. Leicester ta ci kofi a 2016, shekarar da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma can. A 2023 ta sauka. Mu ma nan mun ɗanɗana. Pillars mai kofin ƙasa huɗu ta faɗa ajin gajiyayyu a 2022, Kano ta yi tsit, sannan ta hawo da ƙafarta a 2023. Ya yi ciwo, amma na fi son wannan ciwon da a ce an faɗaɗa teburi don a cece mu.

A ranar ƙarshe ta kaka, wasanni goma na Firimiya a lokaci ɗaya ake busa su, don kada wata Stoke da wata Burnley su san abin da ya ishe su. Gidan kallo yakan cika da masu jiran a ɗaga kofi. Ni kuwa nakan roƙi mai gida ya bar mana ƙaramin talabijin na kusurwa a kan wasan ta goma sha bakwai da ta goma sha takwas, inda za ka ga ƙato mai albashin miliyoyi ya zube a ciyawa yana kuka saboda maki ɗaya.