Jidda: Kafin Ki Saya Wa Yaro Kifin Nemo, Ki Leƙa Bahar Maliya

Uwargida, idan Allah ya nufe ki da zuwa Umra tare da yara, ki roƙi maigida ya ware muku yini ɗaya a Jidda kafin ku kamo hanyar gida. Da yawanmu filin jirgi kawai muka sani a garin, sai kuma kasuwar da muke sayen tsaraba. Alhali garin yana zaune ne a bakin Bahar Maliya, tekun da kakanninmu suka riƙa tsallakawa a jirgin ruwa daga Sawakin ta ƙasar Sudan, bayan sun shafe watanni, wasu ma shekaru, suna tafiya ta Cadi. Daga Makka zuwa Jidda tafiyar kusan kilomita 80 ce, ga kuma jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018.

Ki fara da tsohon gari, wanda ake kira Al-Balad. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Za ki ga dogayen benaye masu tagogin katako da aka sassaƙa, waɗanda ke shigo da iska su kuma kare matan gida daga idon masu wucewa. Ki matsa kusa da bango ki duba da kyau. Da dutsen murjani aka gina yawancin gidajen nan, wanda aka haƙo daga gaɓar teku. Shi murjani ba dutse ba ne tun asali. Wasu 'yan ƙananan halittu ne ke gina shi a hankali a ƙarƙashin ruwa, kuma a cikin lungunansa kifaye ke kwana, su yi kiwo, su hayayyafa. Wato gidan kifi ne ya zama gidan mutum. Ki faɗa wa yara wannan, za ki ga sun fara shafa bangon.

Da la'asar, in rana ta yi sanyi, sai ku nufi Kornish, doguwar hanyar da ta bi bakin teku. A nan iyalai ke shimfiɗa darduma su sha shayi, yara na guje-guje. Daga nesa za ki hango maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana cilla ruwan teku sama, tun 1985 take wannan aiki. A kan wannan hanya ne kuma gidan kifaye na Fakieh yake, wanda aka buɗe a 2013. Akwai nau'in halittun ruwa wajen 200 a ciki, da yawansu daga Bahar Maliya aka samo su. Akwai wata hanya ta gilashi da za ki bi, kifaye na shawagi a gefenki da samanki.

Shi wannan teku daban yake. Babu wani kogi da ke zuba a cikinsa duk shekara, ga zafin rana na ƙafar da ruwan, don haka gishirinsa ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin na tekunan duniya kusan 35 ne. Nau'in kifayensa sun haura 1,000, kuma kusan ɗaya cikin goma ba a samunsu a ko'ina sai nan.

In kin shiga, kada ki tsaya ga kallon launi kawai. Ki lura da wanda aka haɗa da wani, da wanda aka raba. Ga kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, ɗan'uwan wanda yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003. Na Bahar Maliya zane biyu gare shi. A teku yana zama ne a cikin wata halitta mai kama da fure, mai yatsu masu harbi. Wani kifin in ya taɓa ta ya ji a jikinsa, shi kuwa majinar jikinsa na kare shi, sai ya mai da wurin ɗaki, yana korar masu son cin furen. A gidansu babbar ita ce mace, mai bi mata shi ne miji. In macen ta mutu, mijin ne ke rikiɗa ya zama mace. Ikon Allah ke nan.

Ga kuma kifin zaki, mai baza fukafukai kamar mafici. Kyakkyawa ne, amma ƙayoyin bayansa na da dafi, kuma duk kifin da zai shiga bakinsa abinci ne. Ga kifin sohal mai shuɗin zane, wanda ke da wata kaifafar ƙaya a gindin wutsiya, yana kai santimita 40, kuma ba ya son ganin mai kama da shi a unguwarsa. In kin yi sa'a za ki ga wani siririn kifi da za mu iya kira wanzami: manyan kifaye kan zo su tsaya cak, su buɗe baki, shi kuma ya shiga yana tsince musu ƙwari. Ba sa cinye shi, don sun san amfaninsa.

To, a nan gizo ke saƙar. Kafin ku kai bakin ƙofa, wani daga cikin yaran zai kama miki mayafi ya ce, "Mama, a saya mana Nemo." Kada ki yi saurin cewa to, kada kuma ki yi saurin cewa a'a. Ki fara sanin abin da ake nema a gare ki, domin rai ne za ki ɗauko, kuma wannan kifi yakan yi shekara goma ko fiye in ya samu kulawa.

Abu na farko ruwa ne. Gishirin miya ba ya yi. Akwai gishiri na musamman da ake sayarwa don akwatin kifin teku, ana zuba kusan giram 35 a kowace lita ta ruwan da aka tace sosai, a kuma auna da ma'auni. Akwatin ya kasance mai cin lita 100 zuwa 150 ga mai farawa. Ƙaramin akwati ya fi wuyar riƙewa, don ruwansa na saurin ɓaci. In ruwa ya ragu saboda zafi, gishirin yana nan bai tafi ba, don haka ruwa mara gishiri ake ƙarawa.

Abu na biyu haƙuri. Sabon akwati ba a sa masa kifi a ranar da aka cika shi. Kashin kifi da ragowar abinci na zama amoniya, ita kuwa guba ce. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun yaɗu a jikin duwatsu da matatar ruwa, su mai da ita wani sinadari, wasu kuma su sake mai da shi wanda ba ya cutarwa sosai. Wannan kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ana gwada ruwan da kayan gwaji har a ga amoniya da na biyun sun koma sifili. Yawancin kifayen da ke mutuwa a makon farko gaggawa ce ke kashe su, yaro kuma ya tashi da safe ya tarar da abokinsa na yawo a saman ruwa, ciki a sama.

Abu na uku shi ne haɗa zama, kuma ke da kike riƙe da gida kin riga kin san kan wannan. Mai sanyin hali ake fara sawa, ya san gida ya kama ɗakinsa, mafaɗaci ya zo daga ƙarshe. In kika fara sa mafaɗaci, duk akwatin ya zama nasa, wanda ya zo daga baya kuma ba zai samu sukunin cin abinci ba. Ana sa ɗaya ko biyu a lokaci guda, a jira mako biyu ko uku kafin a ƙara, don bakteriyar su iya ɗaukar nauyin. Sabon kifi kuma a fara ajiye shi shi kaɗai a wani ƙaramin akwati na mako 2 zuwa 4, kada ya shigo wa na gida da cuta.

A akwati mai wannan girma, Nemo biyu sun isa. Ki zaɓi ƙanana, ko ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, su da kansu za su daidaita wace ce uwargida. Na uku wahala zai sha. Kada kuma ki haɗa nau'insu biyu daban. Za ki iya ƙara musu ɗan kifin gobi mai zaman ƙasa a kan yashi, da wani mai sanyin hali da ke son ɓuya a cikin duwatsu. Dabarar ita ce kowa da inda yake zama da abin da yake ci, don masu kama ɗaya da abinci ɗaya su suka fi faɗa. Furen nan mai harbi ba dole ba ne, Nemo na rayuwa lafiya ba shi, shi kuma yana buƙatar haske mai ƙarfi da akwatin da ya yi watanni da kafuwa.

Akwai waɗanda za ki kauce musu ko da mai shago ya yi miki daɗin baki. Ƙananan kifayen damsel masu shuɗi suna da araha da juriya, amma da yawansu fitinannu ne. Shuɗiyar nan da yara ke kira Dori tana kai santimita 30, tana bukatar akwati mai ɗaruruwan lita. Kifin zaki zai haɗiye Nemo, ga dafi a gidan da yara ke tsoma hannu a komai. Wanzamin nan ma ki bar shi a teku, da wuya yake samun abin da zai ƙoshi a ƙaramin akwati. Ki tambayi mai shago ko kifin haifaffen gidan kiwo ne, don irinsu sun fi sabawa da abincin gwangwani, kuma ba a raba teku da su ba. Murjani kuwa kada ki sa a jaka da sunan tsaraba, yana cikin abubuwan da yarjejeniyar CITES ta hana ƙetare iyaka da su sai da takardar izini.

Saura babbar tambaya, wadda ba sai a Jidda za ki amsa ta ba, sai a falonki: yaya wutarku take? Famfon da ke juya ruwa dare da rana yake aiki, in ya tsaya na wasu sa'o'i iskar da kifi ke shaƙa sai ta ƙare. Ruwan kuma ana son ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ki tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki kuma tuna daren hunturu. In babu sola da batir da za su riƙe famfo da na'urar sanyaya ruwa, gaskiya a haƙura. Ga kuma canjin kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko biyu, wanda in yaro ya gaji, a kanki zai dawo.

In lissafin bai fita ba, ki zaunar da yaron ki yi masa bayani dalla-dalla, yara na ganewa in an ba su dalili. Ku fara da kifin ruwan daɗi mai juriya irin gofi, ya koyi ciyarwa da wanke akwati. In ya riƙe shi shekara guda lafiya, sai a sake zama a yi maganar Nemo.

Ke fa, uwargida, yaranki sun taɓa matsa miki a kan wata dabba? Yaya kuka ƙare? Ki ba mu labari, wata uwar za ta ƙaru. Allah ya kai mu ƙasa mai tsarki lafiya, ya dawo da mu lafiya.