Na Tafi Neman Shamuwa



Ni manomi ne. A Gangara aka haife ni, cikin ƙasar Damargu. Zan ba ku labarin wata tafiya da na yi zuwa Nijeriya. Ba fatauci na je ba. Ba cin rani na je ba. Kallon tsuntsaye na je. Na san za ku yi dariya. Ku yi, ba komi. Uwargidana ma ta yi. Ta ce: "Malam, tsuntsayen garinmu sun ƙare ne?" Amma ku bari in faɗa muku dalili.

Ina yaro, wata rana na tsinci mushen wani babban tsuntsu a bakin tabki. Fari ne, bakinsa ja, ƙafafunsa dogaye. A ƙafa ɗaya akwai zoben ƙarfe. A jikin zoben akwai rubutu. Lokacin ban iya karatu ba, don ban shiga lekol ba. Na cire zoben, na adana.

Bayan na yi aure na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙaƙe, sai na ɗauko zoben nan. Na ga lambobi. Na ga wata kalma. Malaminmu ya taimake ni, muka karanta: Paris. Ya ce babban birnin Faransa ke nan. Masana ne ke sa wa tsuntsaye zobe don su san inda suke zuwa. Tun ranar nan nake tambayar kaina: ashe tsuntsu ma matafiyi ne?

Tsuntsun da ya fi tsaya mini a rai shi ne shamuwa. Kun san ta. Baƙa ce, cikinta fari. Idan zafi ya kai ƙarshe, sai ka wayi gari ka gan ta bisa icce. Yara su yi ta murna. Manoma su fiddo iri, don damina ta kusa. Tana yin sheƙa tsakiyar gari, ba ta tsoron mutum. Tana bin gonaki tana cin fara. Da kaka ta yi, sai ta ɓace. Ina take zuwa? Wani ya ce Makka. Wani ya ce kudu, inda ruwa ba ya ƙarewa.

A bayan gidana akwai wani tsohon gawo. Kowace shekara shamuwa na sheƙa a kansa. Wata shekara ɗana babba ya ce mu sare shi, yana son itacen gini. Na ce ya dakata.

Ɗan ƙanwata ma'aikacin gandun daji ne a Damagaram. Ya zo gaishe ni, na yi masa tambayar shamuwa. Ya ce: "Kawu, cikin watan Janairu zan je Nguru wajen abokan aiki. Can akwai fadama mai tsuntsaye ba iyaka. Zo mu tafi, ka gani da idonka." Na ce a raina: to, can zan iske shamuwata.

Na sayar da tunkiya ɗaya. Na ɗauki katin shaida, da littafin rubutu, da fensir. Muka hau titin da ya taso daga Tanut. Muka wuce Bakin Birji, muka kwana Damagaram. Washegari muka bi ta Magariya da Dungas, muka tsallaka iyaka a Maigatari. Daga nan sai Gumel, sai Haɗeja. Mota ta lalace mana sau biyu. Ƙura ta cika mana ido. Ran kwana na uku muka isa Nguru, cikin jihar Yobe.

Da asuba wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Na riƙe gefensa kamar zan karya shi. Masuncin ya ce: "Baba, saki jikinka, ruwan nan bai cin baƙo." Ɗan ƙanwata ya miƙo mini madubin hangen nesa. Na kafa a ido. La ilaha illallahu! Tsuntsun da ke can nesa sai ga shi kamar in kai hannu in kama.

Na ga dinya, ƙatuwa kamar ɗan rago. Na ga kirinjijiya garke garke, suna fito. Na ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon kifi. Na ga balbela da jinjimi. Kowane na gani sai in rubuta sunansa a littafina. Kafin azahar na cika shafi guda.

Sai aka nuna mini wasu ƙananan agwagin ruwa, dubbai, sun rufe tabki. Ɗan ƙanwata ya ce: "Kawu, waɗannan baƙi ne. Daga Turai da Rasha suke zuwa. Idan sanyi ya daskarar da ruwan ƙasarsu, sai su taso. Su ƙetare teku. Su ƙetare Sahara, su wuce ta saman Damargu da dare, kana barci. Su yi watanni a nan, sannan su koma gida su yi ƙwai." Na tuna da zobena. Ba fasfo, ba kuɗin mota, ba guzuri. Ikon Allah!

Ya ce kowace shekara, a watan Janairu, ana ƙidaya tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa. A shekarar 1997 an ƙidaya fiye da 300.000 a wannan fadama kaɗai.

Na duba gabas, na duba yamma. Na ce: "To, ina shamuwa?" Yaron ya yi murmushi. Ya ce: "Kawu, ka yafe ni. Na san ba ta nan. Da na faɗa maka, da ba ka zo ba."

Ya zauna ya yi mini bayani. Shamuwa ba ta tsayawa Nijeriya da rani. Wasu masana daga ƙasar Danmak sun zo Nijar, sun ɗaura wa shamuwa ƴar na'ura a baya, sun bi tafiyarta. Sun ga tana nufar gabashin Afirka, har ƙasar Tanzaniya. Wasu shamuwoyin suna wucewa kudancin Afirka. Lokacin da muke rani, su can damina suke. Wato shamuwa ruwan sama take bi, da fara. Ta ci farar gonarmu, ta je ta ci farar gonar wani manomin da ban taɓa gani ba. Amma a garuruwanmu take ƙyanƙyashe ƴaƴanta. Nan ne gidanta.

Raina ya ɗan ɓaci. Na sayar da tunkiya ban ga shamuwa ba. Sai masuncin ya ce: "Baba, ai mu ma muna da namu kukan." Ya ce ruwan fadamar daga kogin Haɗeja da kogin Jama'are yake zuwa. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka gina ta Chalawa a 1992, duk a jihar Kano. Tun daga nan ambaliya ta canza. Wata ciyawa mai suna kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki. A cikinta jan baki ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Kun gani? Abin da aka yi a Kano ya taɓa masunci a Nguru. Ya taɓa agwagwar da ta taso daga Turai.

A hanyar komowa na yi ta tunani. Kakanninmu sun ce a da Damargu cike take da jimina. Fatake na sayen gashinta, su kai Tarabulus bisa raƙuma. Yau ina jimina a dajinmu? Babu. Sai wadda ake kiwo cikin shinge a Kelle, wajen Gure. Tuje ya yi wuyar gani. Ungulu da ke cika mahauta, yanzu sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Ba rana ɗaya suka ƙare ba. Kaɗan kaɗan ne, muna kallo.

Kuma ba mu manta da farar 2004 ba, da yunwar 2005 da ta biyo baya. Shamuwa ba za ta iya tare farar dango ba. Amma ƙananan farin da ke cin gero tun yana ƙarami, tana rage mana su kullum, ba ta karɓar ko dala.

Da na iso gida na kira ɗana. Na nuna masa littafina da zobena. Na ce: "Gawon nan ba za a sare shi ba. Mai shi ta yi tafiya, za ta dawo." Na kuma hana jikokina ɗibar ƙwai da harbin sheƙa da danƙo.

Ƴan uwa, ba sai kun sayar da tunkiya kamar ni ba. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku sami ɗan littafi. Ku rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka garinku. Ku ƙirga sheƙa nawa ne. Baɗi ku sake. Idan kun tsinci tsuntsu mai zobe, ku rubuta lambar, ku kai wa ma'aikatan gandun daji.

Ni dai bara na ƙirga sheƙa bakwai bisa gawona. Allah ya kai mu damina lafiya, ya dawo mana da baƙuwarmu.