Tsohon Injin Sassaƙa Ƙarfe Bai Gama Aiki Ba

Shekaru sun koya wa irinmu masu aikin ƙarfe cewa darajar injin sassaƙa ƙarfe tana cikin gangar jikinsa, wato zubin ƙarfen nan mai nauyi da ba ya rawa idan wuƙa ta kama aiki. Tsofaffin Colchester da Harrison na Ingila da ake samu a Panteka ta Kaduna, da yawansu jikinsu lafiya lau yake. Moto da wayoyinsa ne suka tsufa. Don haka nake ganin makanikin Safana ko Batsari da ya mallaki irin wannan inji, ya fi masa alheri ya sa masa akwatin sarrafa gudu, wanda masu lantarki ke kira VFD, da ya sayar da shi ga 'yan gwangwan.

Dalilin yana cikin aikin kansa. Wuƙar ƙarfe ta gargajiya tana son ta ci ƙarfe mai taushi da gudun kimanin mita 30 a minti. Sanda mai kaurin milimita 50 tana buƙatar juyi kusan 190 a minti ke nan, mai milimita 10 kuwa sama da 900. Wanda da safe ya gyara sandar injin niƙa, da rana ta injin ban-ruwa, da yamma ƙaramar ƙusar babur, kullum yana tsakanin waɗannan. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka moto na gama-gari yana tsaye a wajen juyi 1,450. Akwatin yana rage bugun ko ya ƙara shi, gudu ya biyo baya, ba tare da an tsai da aiki ba. Wasu akwatunan ma suna karɓar wutar gida mai layi ɗaya su ba moto layi uku, in dai moton na iya aiki da bolt 230, abin da ke da muhimmanci a garin da layi uku ke wahalar samu.

Tsofaffin gwanaye za su ce sauya bel da giya ya ishe su, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Idan aka rage gudu da akwati kaɗai, ƙarfin aikin yana raguwa, fankar moto ta rage gudu, moton ya ɗau zafi. Shi ya sa ba za a cire giyar ba: a zaɓi giya daidai da kaurin ƙarfe, akwati ya cike tazarar da ke tsakani.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wuta da ƙura. Wutar KEDCO tana hawa da sauka, ƙaramin janareta ma haka, ga ƙurar hunturu da garin ƙarfe masu kashe kayan lantarki. Maganinsa kariyar hawan wuta, da rufaffen mazauni mai shan iska nesa da inda ɓarɓashi ke tashi, da wayar ƙasa mai kyau. Kuɗinsu bai kai na yawan kai akwatin gyara Katsina ko Dutsin-Ma ta hanyoyin da ke gefen Dajin Rugu ba.