Inda ake fara koyon haɗa sauti: Kano da Turai

Haɗa sauti ya ƙunshi ɗaukar murya ko kiɗa, tace abin da aka ɗauka, da daidaita shi har ya yi daɗin ji a rediyo ko a waya. Aikin ɗaya ne a ko'ina, amma ƙofar da mai koyo ke shigowa ta bambanta.

A Jamus, makarantar kiɗa ta Detmold ta fara horar da masu ɗaukar sauti tun 1949, Jami'ar Surrey ta Ingila kuma ta bi sahu a 1970. A irin waɗannan wurare ba a karɓar ɗalibi sai ya iya wani abin kiɗa, ya kuma san lissafi. Abin da ake fara cusa masa shi ne sanin ɗaki: yadda sauti ke bugun bango ya dawo, tazarar da ta dace tsakanin baki da makirufo, da ƙarfin da murya za ta kai kafin ta fashe. Kwamfuta tana zuwa daga baya.

Saurayin Gafasa, a ƙaramar hukumar Ajingi, hanyarsa daban ce. Yakan fara gwaji da wayarsa, sannan ya bi ta Gaya da Wudil ya shiga Kano, ya zama yaron wani situdiyo, irin waɗanda suka yi yawa a Zoo Road. Zai yi shara, ya sayo man janareta, ya zauna bayan maigida yana kallon yatsunsa. Darasinsa na farko fiyano ne, domin tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama tushen kiɗan finafinan Hausa. Daga nan sai manhajoji irin su FL Studio da Cubase, da Auto-Tune mai gyara karkatar murya.

Wannan tarbiyya tana da ƙarfin da bai kamata a raina ba. Mawaƙin nanaye, ko na bege, ko na siyasa, yakan zo da waƙarsa a ka, ya rera, makaɗi ya laluɓo mata kiɗa nan take. Kunnen da ya saba da haka yana gane inda kari ya karye da inda kiɗa ya danne kalma, abin da ke da muhimmanci ga mai sauraron da ke bin baiti.

Rauninta yana wajen makirufo. Tunda kusan duk kiɗan daga cikin fiyano yake fitowa, murya kaɗai ake ɗauka, sau da yawa a ɗan ɗakin da aka liƙa wa soso, janareta na ruri a waje. Mai koyo zai iya ƙwarewa bai taɓa ɗaukar kalangu ko kukuma ko gurmi ba. Kalangu kuwa muryarsa na hawa da sauka gwargwadon matsa tsirkiyarsa a hammata, kuma kwaikwayon da fiyano ke yi ba ya kamo wannan. Ɗaukarsa yana buƙatar ɗaki mara amsa-kuwwa da makirufon da aka san inda za a kafa shi.